Guzurin Kare

Shekarar da likita ya ce wa maigidana ya rage zaman mota, autarmu ce ta zo mana da maganar tafiya hutu. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana jigilar mutane a titunan Washington, tun zamanin tasi mai mita har zuwa wannan da ake kira ta waya, shi ne za a yi wa magani da wata doguwar tafiya a mota. Na faɗa mata haka. Ta ce ai ba shi zai tuƙa ba, ita za ta tuƙa, shi nasa kallon hanya ne kawai.

Babanta ya tambaye ta wa za mu je gaisarwa. Ta ce babu kowa, teku za mu je gani a can Karolina ta Arewa. Muka dubi juna ni da shi. Mu a saninmu tafiya tana da dalili, biki ko suna ko ta'aziyya, ko kuma a tara a tafi gida Kano. Amma a ɗauki ƙafa takanas a je a zauna ana kallon ruwa, wannan ba mu taso da shi ba.

Duk da haka ni na fara cewa to, kuma da sauri na ce. Dalilina ɗaya ne. Yarinyar nan ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune ita kaɗai a Wheaton, mu muna Lanham, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma shekara biyu ke nan rabon da ta kwana a gidanmu. Kare ta ajiye. Ranar da ta gaya mana, babanta ya ce gidan da ake salla a cikinsa kare ba zai taka shi ba. Ba ta yi musu ba, ta ce to Baba. Tun daga nan sai dai ta zo ran Lahadi, ta ci tuwo rabi a zaune rabi a tsaye, idonta a kan agogo, wai ta bar shi shi kaɗai. Abin da ya rage tsakanina da ita sai wayar safe. Kin tashi lafiya, lafiya lau. Ya aiki, da godiya. Ya gajiya, ba gajiya. Wannan ita ce Hausar da ta fi zama a bakinta, don ni na dasa mata ita tun tana ƙarama, har baƙi suna yaba min. Sauran maganarta duk da Turanci take yi. To ga shi an ce zan samu kusan mako guda ina kwana ina tashi da 'yata. Ko dutse aka ce za mu je kallo, da na bi.

Sai da ta ga mun amince, har babanta ya fara tambayar wace hanya za a bi, sannan ta ce, “Shi ma da shi za mu.”

Na ce wa? Ta faɗi sunan karen. Ba zan rubuta shi a nan ba, don akwai mutanen kirki masu irinsa.

Na zaci a but za a saka shi, kamar yadda ake saka rago idan an sayo a kara. Da na faɗa, sai ta dube ni kamar na ce a yanka shi. Wai yana da kujerarsa a baya, da shimfiɗarsa, har da bel ɗinsa da ake ɗaura masa kamar mutum. Na ce to ni a ina zan zauna? Ta ce a gefensa. Babanta ya miƙe ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali ko la'asar ba ta kusa ba.

Ran Lahadin da ta biyo baya ta zo da kwamfutarta ta buɗe mana taswira a teburin cin abinci. Babanta ya san hanyar kudu kamar tafin hannunsa, yana kallo ɗaya ya ce wannan layin ya karkace, me ya kai mu nan? Ashe duk inda layin ya lanƙwasa, saboda kare ne. Nan akwai fili mai shinge inda ake sakin karnuka su yi guje-guje. Can akwai gidan abinci mai kujeru a waje, don ba a shiga da su ciki. Otal ɗin da za mu kwana a hanya ba don kyansa aka zaɓe shi ba, don yana karɓar kare ne, har da ɗan kwanon ruwa suke ajiye masa a ɗaki. Bakin tekun ma sai da ta bincika, wai wani ba a kai kare sai da sassafe ko da yamma, wani kuma an yarda duk yini matuƙar yana da igiya a wuya. Na riƙe baki ina saurare. Ni da aka kawo ni ƙasar nan, ba wanda ya yi min rabin wannan shiri.

Na tambaye ta mu kuma a ina za mu yi salla. Sai ta washe baki, ta ce ai ta yi tunanin wannan. Ta daidaita tsayawar da za a yi don ya zagaya da lokacin azahar, ta gaba kuma da la'asar. Ita a ganinta ta burge mu. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, na ce yanzu sallarmu ce aka haɗa da fitsarin kare a tsayawa guda? Ta ce Mama, shi yana can gefe, ku kuna nan gefe. Na ce na ji.

Muna cikin haka wayarta ta yi ƙara, ta sa a bayyane don hannunta yana kan kwamfuta. Wata mata ce daga asibitin dabbobi, da muryarta mai zaƙi, tana tuna mata allurar da za a yi kafin tafiya. Ta kira sunan karen, sannan ta ɗora masa sunan mahaifin maigidana, wanda shi ne sunan da duk gidanmu muke amfani da shi a takardu. Malam ke nan, dattijon da ya yi limanci a unguwarsu har Allah Ya karɓi abinsa. Na ga kofin shayi ya tsaya wa babanta a tsakanin tebur da baki. Ya tambaya a hankali, da Hausa, ko kunnensa ne. Ta ce haka suke yi wa kowace dabba, sunan gidan mai ita ake sa mata, don kar a rikita. Ya ajiye kofin ya shige ɗaki, ni kuma na rasa dariya zan yi ko salati.

A makon nan ne ya ɓullo da dabararsa, kuma ya ɓoye min rabinta. Yana da wani aboki mutumin Maraɗi, mai filin tsofaffin motoci a Landover, yana saye yana turawa gida ta jirgin ruwa. An taɓa shigar masa fili an kwance masa kaya, yana ta neman abin da zai riƙa yi masa gadi. Maigidana ya ga ai an samu mafita. Kare dai don gadi aka yi shi. A gida haka muka san shi, yana ƙofar gida ko yana bin mafarauta, a watsa masa ƙanzo ya ci ya gode. Ga wanda yake zaune a bene ba aikin fari ba na baƙi, ga kuma mai nema. Ni abin da ya gaya min shi ne ya samo wanda zai riƙe karen har mu dawo. Bai ce min kyauta ya yi da shi ba. Kuma har ga Allah ba da mugunta ya yi ba, shi a ransa ya samar wa zauna-gari-banza sana'a ne, ya kuma 'yanta 'yarsa ta dawo tana kwana a gida.

Auta ta ce ran Lahadi za ta zo da shi mu gwada zama a mota, mu ɗan zaga unguwa, don ya saba da mu. Wato mu ne za a gabatar masa. Ranar na fara ganinsa ido da ido. Na ɗauka wani ƙaton abu ne, sai ga ɗan tsamurmuri ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Iska ta taso da wata leda a bakin gareji, ya zabura ya ɓuya a bayan ƙafarta.

Ba a jima ba sai ga mutumin Maraɗi a motarsa ta ɗaukar kaya. Ya sauko da sarƙa a hannu, irin mai kaurin nan. Aka gaisa, ya tambayi iyali, ya tsokani auta ko ta manta Hausa. Sannan ya ce ina karen? Maigidana ya nuna masa. Mutumin ya duƙa ya ƙare masa kallo, ya ɗago ya ce da ɗan Faransancinsa, “Bon, Alhaji, wannan ne zai yi mini gadi? Wannan ai sai dai a ɗauki mai gadinsa.”

Na yi dariya, ban san lokacin da ta kuɓuce min ba. Da na juya na ga fuskar auta sai dariyar ta maƙale. Tana jin Hausa sarai, amsawa ce ba ta yi. Ta dubi sarƙar, ta dubi babanta, ta tambaye shi ko bayar da shi ya yi. Ya fara bayani, cewa filin yana da faɗi, za a riƙa ba shi abinci, ita ma ta huta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta ɗauki karen kamar jariri, ta sa shi a kujerarsa, ta ɗaura masa bel ɗin nan. Ta ja mota ta tafi ba sallama. Mutumin Maraɗi ya naɗe sarƙarsa ya ce shi dai Allah Ya ba da haƙuri, bai san haka abin yake ba.

Da yamma ta turo saƙo cewa ta fasa tafiyar. Washegari na kira da safe kamar kullum, ba ta ɗauka ba. Na sake kira ran Talata, shiru. Na sauke wa babanta kwandon faɗa, shi ma ya sauke min nasa, ya ce shi bai ga abin da ya yi ba, a kan dabba za a yi fushi da uba? Ni ma a lokacin ban ga girman abin ba. Tsoro dai nake ji, don na san halin 'yata. Ba ta faɗa, janyewa take yi, kuma ɗan zaren da ya rage tsakaninmu shi ne nake gani yana tsinkewa.

Ran Laraba na san ba ta da aiki, na yafa mayafi na tafi Wheaton da hantsi. Rabona da ɗakinta tun kafin karen. Ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallona, shi kuma yana leƙe ta tsakanin ƙafafunta. Na tattare zanina na shiga ina bin bango. Ta kai shi ɗaya ɗakin ta rufe, ta kawo min ruwa.

Na fara da lallashi, na ƙare da faɗa, don haka bakina yake. Na ce babanki ya yi kuskure, amma ke ma ki duba, shekara biyu kin zaɓi kare a kan iyayenki. Me yake ba ki? Me ya yi miki da mu ba mu yi ba?

Ta bari sai da na gama. Sannan ta tambaye ni ko na tuna lokacin sanyin da ta ce min an canza mata aiki zuwa na dare, shi ya sa ba ta zuwa. Na ce na tuna. Ta ce ba aikin dare ba ne. Hutun rashin lafiya aka ba ta. Bayan abin da ta gani a asibiti lokacin annobar nan, mutane suna mutuwa a hannunta ba dangi a kusa, sai wani abu ya danne ta. Ciwon damuwa likita ya kira shi. Ta ce sai ta yini a gado, labule a rufe, ba wanka ba abinci, wani lokaci ko salla sai ta haɗa. Wata abokiyar aikinta ce ta ja ta zuwa inda ake ajiye karnukan da ba su da masu su, ta dawo da wannan.

“Kullum da safe sai ya zo bakin gado yana kuka, dole in tashi in fita da shi,” in ji ta. “Ba don kaina nake tashi ba, Mama. Don shi nake tashi.”

Na ce amma ai kullum ina kiranki. Kullum ina tambayarki kin tashi lafiya.

“Ke kika koya min ba a cewa ba lafiya,” ta ce. Wannan da Hausa ta faɗe shi. Sauran ta ƙarasa da Turanci, cewa tana amsawa yadda aka koya mata, tana jira in ƙara tambaya, sai in ce to madalla, Allah Ya yi albarka, in ajiye waya.

Ban taɓa jin magana ta daki ƙirjina irin wannan ba. Mu a gida kowa ya san lafiya lau ƙofa ce kawai. Ko gawa ce kwance a ɗaki, lafiya lau za ka ce, sannan a zauna, a sha ruwa, a yi shiru kaɗan, sai ka ce dama abin da ya kawo ni. Ba wanda ya koya min wannan, a tabarmar kakata na tsince shi. Ita kuwa a waya ta tashi tana gaida mutane, a gaisa a miƙa wa na gaba. Rabin farko na koya mata, har ina alfahari. Ban san akwai rabin da sai an zauna ake ɗauka ba.

Na yi kuka a ɗakin nan, ita ce ma take ba ni haƙuri. Karen yana ta ƙwaƙular ƙofa daga ciki. Na ce buɗe masa. Ya fito ya zo ya shinshina gefen zanina, na ɗauke numfashi amma ban janye ƙafa ba.

Da na koma gida na zayyana wa babanta komai, ban rage ba. Yana zaune hularsa a gwiwa, bai katse ni ba ko sau ɗaya, abin da ba halinsa ba. Da na gama ya tambaye ni wane sanyi ne. Na gaya masa. Ya ce a sanyin nan sau nawa ya sauke fasinja a Wheaton, ya wuce ta ƙasan benenta bai hau ba, don kar ya tashe ta daga barcin aikin dare.

Washegari ina wanke-wanke na hango shi ta taga, a tsugune a bayan gida, da cokali da tsohon gwangwanin madara. Na fita na ce Alhaji lafiya? Ya ce ƙasa yake ɗiba. Shi yadda aka koya masa tun yana yaro, in kare ya lashi abu sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. “In ya lashe ni a hanya, ina zan samu ƙasa a otal?” Ya danna murfin gwangwanin ya miƙe yana dafa gwiwa. Ranar shi da kansa ya kira ta, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, kuma har yau ban san abin da suka ce wa juna ba. Na dai ga taswira ta dawo teburinmu ran Lahadi, da duk lanƙwashe-lanƙwashenta, bai kuma ce a miƙe ko ɗaya ba.

Ni kuma nawa aikin guzuri ne. Ban iya tafiya ba guzuri ba, ko da kuwa kowace kusurwa akwai gidan abinci. Na soya kaji, na yi cincin, na daka dambun nama. Ina cikin dakan ne na kira ta, kamar da wasa, na ce shi wannan naki me yake ci? Ta ce nama yana ci, amma ban da albasa da tafarnuwa, suna yi masa illa, ban da yaji, ban da gishiri. Na ce wannan ai ba abinci ba ne, horo ne. Na ajiye waya na ware tsoka guda na dafa ta da ruwa zalla, na daka, na busar a kasko ba ko ɗigon mai. Na zuba a ƙaramar roba na ɗaura mata jan zare a murfi don kar Alhaji ya ɗauka cikin rashin sani. Ya shigo ya gani, ya tambaya na waye. Na ce na ɗan gidanku ne, mai sunan Malam. Ya harare ni ya fita, amma na ji shi yana dariya a falo.

Ranar tafiya ta iso da sassafe. Tana shirya kaya a but, tana mita wai na ɗebo abinci kamar za mu ƙetare sahara, sai ta ci karo da robar mai jan zare. Ta buɗe ta shinshina, ta ce wannan ba yaji. Na ce ba naki ba ne. Ta tsaya riƙe da robar, ta kawar da kai tana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara.

Na ce, “Auta, kin tashi lafiya?”

Ta ce, “Lafiya lau.”

Ban ce madalla ba. Na jingina da motar na yi shiru ina kallonta. Shirun ya yi tsawo har ta ɗago.

“Jiya ban samu barci sosai ba,” ta ce. “Wani lokaci abin yana dawowa.”

Na ce to, hanya da nisa, sai ki gaya min. Na nufi ƙofar baya inda aka ce nan ne wurina, sai na tarar babanta ya riga ni. Ya nuna min kujerar gaba da haɓa, ya ce in je in zauna kusa da ita. Shi ya shiga baya ya takure a jikin ƙofa, ya tattare babbar rigarsa, gwangwanin ƙasarsa a kan cinya. Karen ya juyo ya dube shi da kunnen nan ɗaya a tsaye, shi ma ya dube shi. Ya yi bisimilla, ya ce ta ja mu tafi.